Hular da Aku Ta Cire

…kuma ga ta nan a kan tabarma, daidai inda ta ajiye ta. Hulata. Ba jefarwa ta yi ba, ba kuma faɗuwa ta yi ba — da hannu biyu ta cire ta, ta ajiye, kamar wadda ta ari tukunyar maƙwabta ta gama da ita. Ni kuwa ga ni zaune a ƙasa, bayana a jikin gado, 'yar tsana a hannuna. Ƙato da gemu, malamin kwaleji. Da kin turo ƙofar nan yanzu da kin yi dariya har kin dafa bango. Malam Littafi, yau kuma wasan 'yar tsana ake yi?

Aiki nake yi, matata. Kuma aikin ya yi. Abin da ya karya ni ke nan.

'Yarmu tana tsakar gida. Ina jin ta… a'a, ba na jin ta. Ke kika raɗa mata Aku, saboda bakinta ya riga ƙafarta tashi; tun tana rarrafe take ba kaji labari. Yaushe gidan nan ya taɓa yin shiru tana ciki? Ko ranar da aka fita da gawarki ba ta yi shiru ba. Yanzu ina kasa kunne — famfo na ɗiga a bokiti, rediyon wani can bayan katanga, mai gyaran takalmi na buga akwatinsa yana wucewa. Ina hango gefen rigarta ta tsagar labule, tana zaune a kan dakalin famfo, hannuwanta a cinya.

Bayan la'asar Inna za ta zo. Mahaifiyarki. Tun kwanakin baya ta faɗa mini, tana tsaye a bakin ƙofar nan, ko zama ba ta yi ba: in hutun makaranta ya zo yarinyar nan tana nan da hula a ka tana cewa ita namiji ce, zan tafi da ita wajena. Ba da faɗa ba. Da ma faɗan ta yi, da na san abin da zan ce. 'Ya mace ba ta tashi a hannun namiji shi kaɗai, ɗana, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗana ta ce. Kuma idonta ba a kaina yake ba, a kan keken ɗinkinki yake.

Hutun ya zo jiya.

Ba na jin haushinta… ƙarya nake, ina ji. Amma na san abin da ke cinta. Ta rasa 'yarta, tana so wani abu mai idanunki ya riƙa kai-komo a ɗakinta. To ni fa? Ni me za a bar mini? Keken ɗinki da famfo mai ɗiga? Ke kin tafi, jaririn da ko suna ba mu sa masa ba ya bi ki, in ita ma aka ɗauke ta wa zai tashe ni da safe ya ce Abba bakinka na wari?

Hular nan. Tun ana zaman gaisuwa ta fara. Ta hau kujera ta ciro ta daga jikin ƙusa ta kifa a kanta, ta rufe mata ido har karan hanci, tana tafiya tana ɗaga haɓa don ta ga hanya. Masu ta'aziyya suka yi murmushi, wasu suka share hawaye. Ni ma na yi murmushi. Yaro ne, ya ga uba. Sai aka watse, hula ba ta sauka ba. Da ita take cin abinci, da ita take barci, a wanka sai mun yi ciniki — riƙe mini, Abba, kada ka ajiye a ƙasa. Sannan maganar ta biyo. Ni namiji ne. Aku, ke fa? Ni namiji ne, ba ka ga hula ba?

Malamar ajinsu ta tare ni a bakin ƙofar makaranta, tana murza hannu, tana sauke murya kamar za ta gaya mini an kama yarinyar da sata. Wai in an ce maza nan, mata nan, layin maza take bi. Wai in an jawo ta sai ta kwanta a ƙasa. Malam, kai ne masani, mu ai ɗalibanku ne… Ɗalibata ce kuwa, na tuna fuskarta, can baya take zama kusa da taga. Wanzami ba ya son jarfa. Na ce mata abu ne mai wucewa, na yi mata 'yar lacca a tsaye cikin rana, ta gyaɗa kai. Na dawo gida na tarar da kitson nan da maƙwabciya ta ɓata yini tana yi a zube a ƙasa, ƙarƙashin kekenki. Da almakashinki ta yanke. Wanda kike hana kowa taɓawa, har ni.

Ni da nake koyar da abin nan. Shi ne abin kunyar, shi ne kuma abin dariyar, in da akwai mai yi. Ilimin halayyar yara, 'yan aji biyu, ɗakin da fankarsa ke kuka. Yadda yaro ke gane shi namiji ne, yadda yarinya ke gane ita mace ce. Shekara da shekaru ina tsayawa gaban allo ina raba shi gida-gida, alli na zuba a kan takalmina, su kuma suna rubutawa kamar wahayi nake saukarwa.

Gida na farko: wai yarinya tana manne wa uwa ne cikin so da kishi a cakuɗe, har ta haɗiye halinta ta zama ita. Kina guga na karanta miki wannan, kika ce wanda ya rubuta bai taɓa wanke wa yaro kashi ba. Na ce babban masani ne. Kika ce babba ne shi ya sa bai wanke ba.

Gida na biyu: kwaikwayo. Yaro yana kallo, yana yi, in an yaba ya ƙara, in an harare shi ya bari. Wannan ɗalibai suke so, don da na fara wani zai ɗaga murya daga baya ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, aji ya ɗauka da dariya, ni ma in ce to kun ga, kakanninku sun riga littafin. Shi na fara gwadawa a kan Aku. Na ce babu mace a gidan, ni take gani, ni take bi. Na koma rufe ƙofar bayi in zan gyara gemu. In ta taɓa ɗankwali ko da kuskure ne sai in yi ta zuba yabo kamar maroƙi. In ta sa hula in ɗauke kai, don haka littafin ya ce, kada ka tsawatar, ka dai hana kulawa. Hana kulawa… yarinyar da uwarta ta mutu, ni kuma ina ɗauke mata kai bisa ƙa'ida. Na kai ta gidan maƙwabciya ta zauna cikin mata. Ta zauna kuwa, a tsakiyarsu, hula a ka, ƙafa ɗaya kan ɗaya, kamar mai gida ya zo duba aiki. Suka yi ta kiranta angonmu. Ta dawo ta ce sun yarda.

Sai gida na uku. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Wannan ya ce ba so ba ne, ba kuma kwaikwayo kaɗai ba, hankali ne ke hawa mataki-mataki. Da farko yaro ya iya faɗa: ni mace ce. Sannan ya gane jiya ma haka yake, gobe ma haka. Na ƙarshe, wanda ke zuwa can wajen shekara biyar zuwa bakwai, ya gane cewa kaya ba sa sauya shi — ko an sa hula, ko an yi aski, yana nan yadda yake. Kafin wannan matakin, a wajen yaro, abin da ido ya gani shi ne gaskiya. Na ce alhamdu lillahi, ga ciwon, ga maganin. Ba ta lalace ba, Inna, ba ta hau matakin ba ne kawai. Biyar ɗin ma ba ta cika ba. Lokaci ne.

Amma Inna ta ba ni zuwa hutu. Hankali kuma bai san hutu ba.

To sai na ɗauko ta daga ofis. 'Yar tsanar nan. Kin tuna? Ke kika ɗinka mata kayan, da ragowar yadin mutane. Riga da ɗankwali kamar tafin hannu, wando, 'yar hula wadda kika ce ta fi ba ki wuya a kan rigar amarya. Da ita nake nuna wa ɗalibai yadda ake gwada yaro: ka nuna masa ita da riga, ka ce mace ce; ka cire a gabansa, ka sa mata wando da hula, ka ce yanzu fa? Ƙananan su ce namiji. Manyan su yi maka kallon sakarai su ce mace ce mana, kaya ka sauya mata. Kuma kullum ina ja musu kunne, da babbar murya, ina buga allo: wannan awo ne, ba koyarwa ba. Ma'auni ba ya ƙara wa hatsi yawa. Kada ku tura yaro, ku bar shi ya hau da ƙafarsa.

Ni na faɗa. Suna rubuta shi a jarrabawa ina ba su maki.

Kowace safiya bayan shayi, ni da ita a kan tabarmar nan. Sa, cire, sa, cire. Duba, Aku, ita ce dai, ba ta je ko'ina ba. Ga hancinta, ga tabon da kika yi mata da biro. Yanzu fa? Namiji! Ta tuntsire da dariya, hularta ta zamo, ta tura ta baya. Abba ba ka gani ne? In sake. In sake. Ina kallon kwanaki suna ƙarewa ina ƙara matsa mata, har wata rana ta ce Abba 'yar tsanar ta gaji.

Koriyar riga. Me ya kawo ta yanzu… koriyar rigar asibiti mai igiya a baya. Naƙuda ta zo da gardama, suka ce sai aiki. Aku tana hannuna don babu wanda zan bar wa ita, komai da gudu ya zo. Aka turo ki a kan gado mai taya, sun cire miki komai, har 'yan kunne, sun rufe miki gashi da wata 'yar hular leda. Kika ɗaga mata hannu. Ta ɓuya a wuyana. Wannan ba Umma ba ce. Kika yi dariya cikin ciwo kika ce ni ce mana, Akuna, kaya suka sauya mini, yanzu zan fito in sa nawa. Haka kika ce. Na ji da kunnena. Ƙofa mai ɓari biyu ta rufe, tana lilo, tana lilo.

Daga baya wata nas ta miƙo mini leda. Ba ta kalle ni ba. Rigarki mai ruwan ƙasa, zani, ɗankwali, silifas ɗaya a kan ɗaya. Na shigo gida da leda a hannu ɗaya, yarinya a ɗaya hannun. Ban san inda na ajiye ta ba. Na neme ta bayan an watse, na duba akwati, na duba bayan ƙofa, na ce Inna ce ta ɗauka, ban kuma iya tambayarta ba. Da wane baki?

Kina yawan faɗa wa masu kawo ɗinki — ina daga ɗaki ina gyaran takardu ina jin ku — sa wannan ki gani, wallahi sai kin koma wata. Su shiga bayan labule su fito suna juyi, ki ce ah, wace ce wannan, ina wadda ta shigo ɗazu? Aku tana ƙarƙashin keke tana tsince ƙyallaye, tana tafa musu. Tana ji. Duk tana ji. Mu ne muke zaton wasa take.

Yau da safe… a'a, ɗazu ne, rana ta riga ta hau katanga. Na ce bari in yi na ƙarshe kafin in haɗa mata kaya. Jakarta ma ga ta can a buɗe, na sa riga biyu na kasa ci gaba. Na sa wa 'yar tsana wando, na kifa mata hula. Yanzu fa, Aku? Ina jiran dariyar. Ba ta zo ba. Ta daɗe tana kallo. Ta miƙa yatsa ta ɗaga 'yar hular, ta leƙa, ta mayar. Ta sake ɗagawa. Ta ce, mace ce. Hula kawai ta sa.

Na tafa mata. Kin ji? Tafi na yi, ni kaɗai a ɗaki, kamar an ci ƙwallo. Zuciyata ta ce shi ke nan, ta zauna, ba mai ɗauke ta, bari Inna ta zo ta gani. Har na fara shirya yadda zan ba ɗalibai labarin.

Ta ce, Abba, ni ma?

Ke ma.

Ko na sa hularka?

Ko kin sa.

Ko an aske mini kai duka?

Ko an aske. Har ki girma, har ki tsufa ki zama kamar Inna, ke mace ce, babu abin da zai sauya shi. Da muryar aji na faɗa, wadda ke kaiwa har kujerar baya. Ina murmushi.

Ta ce, to ba za a bar ni in je ba ke nan.

Ina?

Inda aka kai Umma. An ce mata ba sa zuwa.

Ranar nan… ina gaba, makara a kafaɗata, ba na ganin komai sai dugadugan wanda ke gabana. Na ji ihunta a baya, amma ranar wa bai yi ihu ba? Ashe biyo mu ta yi. Ashe har zaure ta kai, wata ta cafke ta — ban san ko wace ce ba, ba na kuma so in sani, duk wadda ce ba da mugunta ta yi ba, abin da ake faɗa ta faɗa. Dawo nan, ke mace ce, maza ne ke raka ta. Shi ke nan. Magana ɗaya, a bakin zaure, cikin hayaniya. Ta tsaya ta ga masu tafiya da ke. Ta duba me suke da shi wanda ba ta da shi. Kowannensu da hula.

Ba ni take kwaikwayo ba. Ni da na yi ta rufe ƙofar bayi. Ba ni take so ta zama ba, ko kaɗan, ni hanya ce kawai, ni mai hula ne. Wajenki za ta.

Na ce me za ki yi a can, Aku? Muryar ajin ta tafi, wata ce ta fito, ban san ta ba. Ta kwanta rubda ciki ta shige ƙarƙashin gadon nan da nake jingine da shi, ƙafafunta kaɗai a waje, ta jawo ta tana ƙara. Ledar. Duk ƙura. Duk tsawon watannin nan a ƙarƙashina take, ina kwana a kanta.

Ta ce, kayan Umma ne. Sun cire mata nata sun sa mata kore, sannan suka sa mata fari. Shi ya sa ba ta tashi ba. Ta ce in ta sa nata za ta fito. Kai kuma ka taho da su gida, Abba, ka manta.

Ka manta. Ba da zargi ta faɗa ba. Yadda kike cewa na manta makulli. Ta ɗauka kuskure na yi, ta rufa mini asiri, ta ɗauki gyaran a kanta — yarinyar da ba ta iya ɗaura igiyar takalminta ba. Ta yi shiri. Ta sami hula, ta yanke gashi, ta shiga layin maza tana jira a saba da ita, har matan maƙwabta sun yarda. Saura kawai wani babba ya duba ya ce, kai yaro, taho mu je. Kullum da safe tana farkawa da aikin yi. Shi ya sa take dariya. Ni ina mamakin yadda marainiya ke cin abinci haka, ke tsalle haka, har na ce wa Inna yara suna da saurin mantuwa. Mantuwa? Jiranki take. A wajenta ba ki mutu ba, tsirara kawai aka bar ki a wani wuri.

Da a nan ya tsaya ma… da na rungume ta, da na ce to, za mu san yadda za a yi, da na yi mata ƙarya irin ta iyaye, wadda Allah ba ya kamawa. Amma na riga na koya mata. Makonni ina koya mata, kuma 'yarki ce, kanta na ja. Na ga abin yana tafiya a fuskarta. Ta kalli 'yar tsana a hannuna. Ta kalli ledar. Ta sake kallon 'yar tsana.

Abba… in hula ba ta mai da mutum namiji, to riga ma ba ta…

Ba ta ƙarasa ba. Aku, wadda ke ƙarasa wa mutane maganarsu. Ni kuma me na yi? Na yi shiru. Na jira. Abin da nake ce wa ɗalibai ke nan, in yaro ya kama hanyar amsa kada ka katse shi, ka ba shi lokaci. Jikina ne ya yi, ba ni ba, sabo ne. Da na buɗe baki na ce wani abu, komai, ko zancen shayi… Ta karanta a fuskata. Yadda kike karantawa.

Sai ta kai hannu biyu ta cire.

Zango na biyu. Yanzu ya faɗo mini, ina zaune a nan. Zango na biyu, su dai 'yan aji biyun, ɗakin dai mai fanka, ni dai. Yadda yaro ke fahimtar mutuwa. Da farko yana ɗaukarta barci ce ko tafiya, abin da ake dawowa. Sai can wajen shekara biyar zuwa bakwai ya gane ba a dawowa. Biyar zuwa bakwai. Da hannuna nake rubuta shi a allo, a gefen dama, inda na rubuta wancan watanni kaɗan kafin nan na goge. Ɗaya a zangon farko, ɗaya a na biyu, kowanne da jarrabawarsa. Ban taɓa ajiye su kusa da juna ba. Ban taɓa cewa, kai, ashe ƙofa ɗaya ce — ranar da yaro ya gane akwai abin da kaya ba sa sauyawa, ya gane duka. Ba a buɗe masa rabi. Ni na zaci hula nake cire mata.

Garin neman gira…

Da na bar ta. Da shekara ɗaya, da biyu, da ta hau da ƙafarta, a hankali, tana da ƙarfin ɗauka. Wata rana tana wasa za ta tsaya ta gane, ta yi kuka, ta ci gaba. Kowa haka ya yi. Amma sai a gidan Inna za ta gane, ba a nan ba, ni kuma ba zan iya ba, ba zan iya gidan nan ni kaɗai ba, matata, gaskiyar ke nan. Tsoro ne ya sa ni. Ba ilimi ba, ba tarbiyya ba. Na ji tsoron shiru. Ga shi kuwa na kawo shi da hannuna, yana zaune a kan dakalin famfo.

Ledar tana kan kekenki. Aku ce ta ɗora ta kafin ta fita, ta yi ɗage, ta tura ta tsakiya don kada ta faɗo. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da na san aikina, da na ɗauke ta na zagaya tsakar gida kamar lokacin haƙori. Wannan ban san shi ba. Babu shi a zangon farko, babu shi a na biyu.

In kira ta? In ce Aku zo, Abba ya yi kuskure, duba, na sa mata hula ta koma namiji, kin gani? In yi dariya, in ce wasa nake… Ba za ta yarda ba. Shi ma ina koyar da shi: wanda ya hau matakin ba ya saukowa. Har ina ce wa ɗalibai wannan ne daɗin abin. Za ta yi mini kallon nan na manyan yara, kallon sakarai, ta ce kaya ka sauya mata, Abba. Kuma ta ji tausayina. Wannan ne ba zan iya ɗauka ba.

Ke da kin san abin yi. Ko ba ki sani ba da kin tambaye ta. Tun ranar farko, kina tsefe mata kai, ba tare da kin ɗago ba — Akuna, wannan hula ta mece ce? Shi ke nan. Tambaya ɗaya. Ni na tambaye ta sau nawa, mace ce ko namiji, mace ce ko namiji, kullum a kan 'yar tsana. Ban taɓa cewa don me ba. Na riga na san amsa, gida uku gare ni cike da amsa.

An kira salla? Ban ji ba. Inuwa ta kai bakin ƙofa, to an kira. Ya kamata in tashi. In rufe jakar nan ko in zazzage ta, ɗaya dai. Ƙafata ta mutu.

Ƙofar waje… sallama. Inna ce. Muryarta irin taki ce in ta sauke ta, shi ya sa ba na son ta yi sallama a hankali. Takunta, tana jan ƙafar hagu. Ta tsaya. Ta gan ta ke nan — kai babu hula, gashi guntu-guntu kamar ɓera ya ci. Ina jin numfashin da ta sauke har nan. Alhamdu lillahi, in ji ta. Za ta shigo ta ce ɗana ka yi ƙoƙari, ashe karatun naku na da rana. Wataƙila ta bar mini ita. Na ci, ke nan. Na ci.

'Yar gidana, ina hular? Inna ce ke tambaya, da 'yar dariya a muryarta.

Famfo na ɗiga. Amsa mata, Aku. Ki ce komai. Ki ba ta labari mai tsawo irin naki, wanda ba shi da kai ba shi da gindi…

Ba ta aiki, Inna.

Shi ke nan abin da ta ce.

Inna tana kiran sunana. Ina zuwa. Yanzu zan tashi. Ga 'yar tsana a hannun dama, ga hula na ɗauko da hagu, ban san lokacin da na ɗauka ba, da sauran ɗumin kanta a ciki… Ina zuwa, Inna. Bari dai ƙafar ta saki.